Gatari a Hannun Wa? Tarihin Shuka Itace da Sare Shi a Ƙasar Gwandu da Maƙwabtanta

A watan Mayu na 1853 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarimu, ya sauka a Gwandu. Sarki Halilu ɗan Abdullahi ne ke kan gado, kuma har baƙon ya tafi bai yarda sun yi ido biyu ba. Masana sun fi tuna wannan sauka saboda a nan ne Barth ya sami aron littafin Tarikh al-Sudan, ya kwafe abin da ya iya kwafewa na tarihin Songhai. Amma ya rubuta abin da idonsa ya gani a cikin garin ma: kwari ya ratsa shi, itatuwa sun cunkushe gefe da gefe, ga ayaba, ga albasa manya-manya waɗanda ya yaba. Itacen da bai gani ba shi ne wanda a yau ya fi kowanne yawa a ƙofar gidaje da kasuwanni da makarantun allo, daga Gwandu zuwa Cheberu, daga Kambaza zuwa Kalgo, wato dogon yaro. Sai bayan shekara 75 da wucewar Barth wannan itace zai shigo Najeriya.

A wancan zamani ba a san gonar itace ba, don babu mai bukatar ta. Daji na nan bayan gari, kuma abin da ke cikin gona manomi ne ya zaɓe shi da gatarinsa. Ranar sassabe zai kwantar da geza da sabara da kalgo, ya bar ɗorawa saboda kalwa, ya bar kuka saboda miya, ya bar tsamiya da kanya da aduwa, ya bar gawo saboda shi yakan zubar da ganye da damina, ba ya danne gero, da rani kuma dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar taki. Maƙeri na neman ƙirya don gawayi, masassaƙi na neman ta don turmi. Magini kuwa giginya yake so, musamman namiji wanda ya tsufa, a tsaga shi a fitar da azara wadda gara ba ta ci. Duk soron da ya shekara ɗari a tsaye, azararsa ce ta riƙe shi.

Wannan tsari yana da doka, kuma a Gwandu ne aka sami wanda ya rubuta ta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe yammacin daula daga garin har rasuwarsa a 1829, yana da ɗan littafi a kan hanyoyin da mutum ke mallakar matacciyar ƙasa, Ta'alim al-Radi. A fiƙihun Malikiyya da ya dogara a kansa, ana raya ƙasa ta hanyar haƙa rijiya, ko gini, ko noma, ko fasa duwatsu, ko dasa itace, ko sare itace. Abin lura a nan shi ne dasawa da sarewa sun zo a jeri ɗaya, kowannensu aiki ne da ke ba mutum hakki. Akwai kuma hurumi, filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, da kewayen gari inda kowa ke da ikon yin itacen girki da kiwo. Sarakuna sukan sa hannu idan abin ya yi yawa. A Damagaram har yanzu ana ba da labarin tsananin hukuncin Sarki Tanimu a kan wanda ya sare gawo. Amma a galibin lokaci itacen da ke gonarka naka ne, kana iya sayar da 'ya'yansa, kana iya barin shi gado, kana iya kayar da shi ranar da ɗanka zai yi ɗaki.

Turawan Ingila sun ci ƙasar a 1903, bayan yaƙin Satiru na 1906 kuma fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi. Tare da su ne aka sami wani sabon ma'aikaci, malamin daji. Ilimin gandun daji da suka zo da shi a Indiya da Bama suka koyo shi, inda gwamnati ke killace daji ta hana kowa shiga sai da takarda. H. N. Thompson, shugaban ma'aikatar daji na farko a Najeriya, daga Bama aka ɗauko shi. Dokar daji ta 1916 da ta 1937 sun ba En'e, wato hukumar gargajiya, ikon yanke gandun daji da jera sunayen itatuwan da ba a taɓawa sai da izini. A ƙasar Faransa ta Nijar abin ya fi tsanani, don dokar 4 ga Yuli 1935 ta mayar da duk dajin da ba shi da takardar mallaka na hukuma.

Tsoro ne ya ƙara wa wannan doka ƙarfi. A 1935 wani malamin ilimin daji na jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, bayan ya zaga arewacin Najeriya da kudancin Nijar da rani, ya yi shelar cewa Sahara na tahowa kudu, ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar itatuwa a tare ta. Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin bincike ya bi iyakar a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga rairayi na tafiya ba, abin da ya gani lalacewa ce ta wuri-wuri. Rahoton kwamitin ya kwanta a ofis, maganar Stebbing kuwa ta rayu. Duk katangar da aka zana a taswira daga baya, jikarta ce.

Cikin wannan yanayi dogon yaro ya iso. Asalinsa Indiya da Bama. Ya shiga Gwalkwas, Gana ta yau, a zamanin Gwamna Guggisberg, daga can aka kawo shi Borno a 1928, sannan ya bazu yamma har Lardin Sakkwato, inda En'e ta dasa shi a gefen tituna da kuma gandaye don itacen girki da sandunan gini. Akuya ba ta cika damuwa da ɗacinsa ba in ya girma, saiwarsa na nutsawa ƙasa ta nemo ruwa, jemage da tsuntsaye na watsa irinsa kyauta. Babbar baiwarsa ita ce in an sare shi ba ya mutuwa. Kututturen zai fitar da toho da yawa, miƙaƙƙu, kuma ma'aikatan daji sun saba yanka gandun dogon yaro duk bayan shekara takwas ko kusa da haka. Ga shi nan, itacen da aka dasa a layi da niyyar a sare shi. Sai dai gandun na En'e ne, gatarin ma na En'e ne. Talaka ya ɗauki darasin da ya fi masa sauƙi: ya dasa dogon yaro a cikin gida da ƙofar gida, inda babu mai gardama cewa nasa ne, ya bar gona fayau.

Shekara takwas ɗin nan ta kusa daidai da shekarun da wani itace ke yi a wata irin gona can nesa, kuma tarihin wannan gona yana haska namu. A ƙasashen Turai da Amurka, Kiristoci na da al'adar kafa ɗanyen itace mai ganye kamar allura a tsakar falo lokacin Kirsimeti, su rataya masa fitilu da kayan ado. Al'adar ta fito ne daga yankin masu jin Jamusanci. A littafin kuɗi na garin Sélestat da ke Alsace, an rubuta a 1521 cewa an biya masu gadin daji lada don su tsare itatuwa gab da bikin, alamar cewa tun lokacin mutane na shiga daji su sara. A 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da irin wannan itace, abin ya zama yayi a Ingila da Amurka. A 1851 wani mutum, Mark Carr, ya saro itatuwa daga duwatsun Catskill ya kai su kasuwar New York, kuma shekara hamsin bayan haka duk itacen Kirsimeti daga daji yake fitowa, har masu kishin daji suka fara kiran a daina al'adar.

Ba a daina ba. A 1901 wani manomi, W. V. McGalliard, ya dasa itatuwa 25,000 a gonarsa kusa da Trenton a jihar New Jersey, bayan shekara bakwai ya fara sayar da su dala ɗaya-ɗaya. Franklin Roosevelt ma, wanda ya zama shugaban ƙasa, ya noma su a gonarsa ta Hyde Park. A yau Amurkawa na sayen miliyoyin ɗanyun itatuwa kowace shekara, kusan dukkansu daga gona, jihohin Oregon da North Carolina ne kan gaba. A Turai Denmark ce babbar mai fitarwa, irin kuwa mafi yawansa daga duwatsun Jojiya ake tsinko shi.

Wasu gonakin ba sa kai kaya kasuwa, mai saye ne ke zuwa. A ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba magidanci zai kwashi iyali a mota, a bakin gona a miƙa masa zarto, su shiga layi-layi cikin sanyi suna dubawa, yara na cewa wannan, uwa na cewa wancan ya fi cika. In sun daidaita sai ya durƙusa ya yanke shi daga gindi, a jijjige shi da inji busassun ganyaye su zube, a naɗe shi da raga, a ɗaure a saman mota. Itacen bai wuce tsawon mutum da ɗan ƙari ba, amma ya ci shekara bakwai zuwa goma ana yi masa aski kowace shekara don ya yi tsini. Bayan sati uku ko huɗu an jefar da shi. Wanda ya saba ganin mata na tafiyar awa biyu neman ƙirare zai ce wannan almubazzaranci ne, kuma ba zan yi masa musu ba. Amma manomin can yana dasa sabo a gurbin kowane wanda aka yanke, ba don wani jami'i ya tsaya a kansa ba. Ya san ranar da zai karɓi kuɗinsa. Masu gadin Sélestat ba su hana sara ba. Gonar McGalliard ce ta janye masu zarto daga daji.

Irin wannan itace ba zai rayu a zafin Kebbi ba, kuma Kiristan Birnin Kebbi ko Zuru da ke son kafa shi, na roba yake saya a kanti. Tambayar da gonar ta amsa ce tamu: wa ke da ikon yanka?

Farin da ya fara a 1968 ya kai ƙarshen muninsa a 1973, ya kashe dabbobi da itatuwa, ya kuma farfaɗo da maganar Stebbing. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta kafa shirin dasa itatuwa a busassun jihohi, har da tsohuwar Jihar Sakkwato wadda Gwandu ke cikinta kafin a yanke Kebbi a 1991. Daga 1987 Bankin Duniya ya zuba kuɗi a wani shirin mai ofis a Kano, Tarayyar Turai kuma ta ɗauki Katsina. Aka kafa wuraren renon itace, aka ja layukan dogon yaro da turare don karya iska, aka mayar da dashen itace bikin shekara-shekara: gwamna ya zo da babbar riga, ya sa tsiro a rami, a zuba ruwa da buta, a yi tafi. Wasu layukan sun kama, suna nan har yau. Da yawa ba su ga damina ta biyu ba. Inda suka kama ma an sami matsala. Binciken da aka yi a Yambawa a ƙasar Kano ya nuna saiwar turare na shanye damshin geron da ke kusa da layi, kuma in an datse saiwar amfanin gona na ƙaruwa. Manomi ya san haka tun kafin masu bincike, amma itacen ba nasa ba ne balle ya taɓa. Wajen 1990 kuma wata cuta ta kama dogon yaro a Nijar da arewacin Najeriya, ganye na zubewa rassa na bushewa daga sama, abin da ya tuna wa kowa haɗarin dogara da iri ɗaya.

Abin da ya fi koyarwa ya faru ne a tsallaken iyaka, tsakanin Hausawa 'yan'uwanmu. A kwarin Majiya da ke yankin Buza a jihar Tawa, iska na binne shuka har sai an yi shuka sau biyu ko uku. A 1975 ma'aikatar daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, tsakanin kowane shinge da na gaba mita 100, aka sa masu gadi, aka hana kiwo har itatuwan suka fi ƙarfin akuya. Shingayen sun kai ɗaruruwan kilomita, auna amfanin gona kuma ya nuna gero ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Duk da haka mutanen kwarin sun daɗe suna kallon itatuwan a matsayin na gwamnati. Sai a tsakiyar shekarun 1980, da aka fara sare kawunansu ana raba sanduna ana sayarwa, maganar ta zama tasu, har da rigimar wa ya kamata ya ci kuɗin, mai gonar da layi ya ratsa ko gari baki ɗaya. Ni a ganina wannan rigima alamar nasara ce, don ba a faɗa a kan abin da ba shi da amfani.

A Maraɗi ba dasawa aka yi ba ma. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM a lokacin, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. A 1983, yana rage iskar taya don ya ratsa rairayi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na raye a ƙasa. Kowace shekara manoma na sassabe su su ƙone. In aka zaɓi toho ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi aka rage sauran, cikin shekara uku ko huɗu an sami itace. Dabarar ba sabuwa ba ce ga Bahaushe. Abin da ya hana shi yi shi ne sanin cewa in itacen ya girma a gonarsa, ɗan gandun daji zai iya cin shi tara ranar da ya sare reshe. Wa zai reni abin da zai jawo masa sammaci?

A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona. Da aka daina rabon, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan suka sha gatari. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga gero bai ragu ba, sun sami itacen girki da gofa da abincin dabbobi, kuma jami'an daji na yankin sun yarda su sassauta. Bayan rasuwar Janar Seyni Kountché a 1987 hannun hukuma ya yi sanyi a karkara, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi ƙafar tsayawa. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye, mutane suka kafa kwamitin tsaro na kansu, da mata da Fulani makiyaya a ciki. Da masu bincike suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye, mafi yawansu gawo da sabara da kalgo da makamantansu. A wasu hotunan ana gane iyakar ƙasashen biyu da ido, ɓangaren Nijar ya fi duhu, alhali ɓangaren Najeriya ya fi samun ruwan sama. A 2018 aka ba Rinaudo lambar Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Mafi kusa da Kebbi shi ne dajin giginya na Dallol Mawuri a yankin Gaya, tsallaken Kamba, mai faɗin kusan hekta 30,000. Shekaru da yawa hukuma ce ke ba 'yan kasuwar birni takardar sara, mazauna wurin na kallo, don haka ba su ga dalilin barin ƙananan giginyu a gonakinsu ba. Dokar Nijar ta 1992 ta ba ƙauyuka ikon kafa kasuwannin itace na karkara, a shekarun 1990 kuma, da tallafin Suwizalan, aka miƙa kula da dajin ga kwamitocin ƙauyuka. Su ke ƙidaya itatuwan da suka isa sara, su sayar, a raba kuɗin tsakanin gari da hukuma. Giginya ba dogon yaro ba ce, sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta ba da azara, kuma in an kayar da ita ba ta toho. Wanda ya bar ƙaramar giginya a gonarsa, jikansa yake yi wa aiki, kuma ba zai yi ba sai ya tabbata jikan ne zai ci.

A ɓangarenmu katanga ta sake dawowa. Shugaba Obasanjo ya gabatar da shawarar Babbar Koriyar Ganuwa a 2005, Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, aka tsara ta daga Senegal zuwa Jibuti. Kason Najeriya ya shafi jihohi 11, daga Kebbi zuwa Borno, kuma a Bachaka da ke ƙaramar hukumar Arewa a Kebbi ne Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da shi a 2014, kafin a kafa masa hukuma a 2015. Hatta masu tsara shirin a matakin Afirka sun rage maganar katanga guda, sun koma maganar gonaki da makiyaya da dabarar Maraɗi. Amma a Najeriya daji hurumin jihohi ne, kuma dokokin daji na jihohin Arewa da yawa daga dokar 1937 suka samo tushe, da jerin itatuwanta da takardar izininta.

Kasuwa ita ba ta jira doka ba. Mai gini a Birnin Kebbi na bukatar sandunan tokare dakin, mai rumfa na bukatar gofa, mai gidan burodi da mai tuwon sayarwa na bukatar itace, tsadar kananzir da gas kuma ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi. A Cheberu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sandar da ta fi saurin samuwa ita ce ta dogon yaron ƙofar gida: a yi ciniki da mai shi, mai saye ya hau da gatarinsa ya zaɓi rassan da suka miƙe, a bar gindin ya sake toho. Ƙirya da marke da ake ƙonawa a yi gawayi kuwa daga dajin da ba na kowa ba suke fitowa, kuma motocin da ke ɗauko su kowace shekara sai sun ƙara nisa.